Yatsan Mama

Har yau idan ƙamshin ɗanyar citta ya bugi hancina, sai in tsinci kaina a tsakar gidanmu na ƙauye, can gefen Kachia, a ranar da ba zan taɓa mantawa ba. Ina makaranta a Kafanchan aka aiko in zo gida. Na iso da yamma, citta a shanye ko'ina, matan zumuntar coci suna waƙa ƙasa-ƙasa a ƙofar ɗakin Baba. Tun daga nan na gane.

Da damina ne yayana ya kawo wa Mama waya daga Abuja. Mama ba ta karatu, lambobin sirri kuma ba sa zama mata a kai, shi ya sa ya zaɓi mai buɗewa da yatsa. Ya ɗora babban yatsanta a kai, ya jera mata hotunanmu, ta taɓa fuskar wanda take so, kira ya tafi.

"Wannan waya ya san ni," in ji Mama, da irin Hausarta da ba ruwanta da mace ko namiji.

Baba ya ce, "To, ya fi ni ke nan. Ni har yau ban gama sanin ki ba."

Ni kuwa a lokacin abin ya burge ni sosai. Na ɗauka duniya ta yi taushi, tunda ga na'ura ta koyi karanta hannun macen da ba a koya wa karatu ba.

Sai kaka ta zo. Duk wanda ya san aikin citta ya san yadda ake tsaga ta: wuƙa na sauka a kan babban yatsa, ruwanta mai yaji na cin fata, daga safe har faɗuwar rana. Kafin Kirsimeti zanen yatsan Mama ya shafe, ya yi sumul.

Ranar kasuwa ce, gari ya watse, su biyu ne kawai a gida. Baba ya tashi zai juya shanya, ya dafe ƙirji ya faɗi. Hoton maƙwabcinmu mai mota yana cikin wayar. Mama ta ɗora yatsa, waya ta girgiza, ta ƙi. Ta goge a zani, ta sake. Ta zaci datti ne, ta ruga ta dirje shi da soso da sabulu, ta dawo. Daga ƙarshe wayar ta nemi lambar da yayana kaɗai ya sani. Mama ta bar ta, ta bi hanya da gudu tana kiran mutane. Kafin ta dawo da mai babur, Baba ya cika shi kaɗai.

Da na durƙusa gabanta ba ta yi kuka ba. Ta miƙo mini yatsan ta ce, "Duba mini, Uwata. Ba nawa ba ne?"

Na kama yatsan na riƙe.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, kafin a ce wani abu ya zo don sauƙaƙa wa mutane, a fara duba hannun da zai riƙe shi, da aikin da hannun ke yi. Masu ƙera waɗannan abubuwa hannuwa irin nasu suka sani.

Sai bayan shekaru, wani mai gyaran waya a kasuwar Kafanchan ya gaya mini cikin hira cewa irin wannan wayar tana karɓar yatsa fiye da ɗaya. Ƙaramin yatsan Mama, wuƙa ba ta taɓa sauka a kansa ba.