Man da Aka Ajiye wa Jego

Yanzu idan mai ya ƙare a gida, yaro ake aika shago ya dawo da kwalba kafin albasa ta gama laushi. Da ba haka ba ne. A gidanmu, a wani ƙauye kusa da Goronyo, man shekara da damina ake tara shi, lokacin da shanu suka ƙoshi. Wanda ya yi sake, sai ya ci tuwo gaya har ruwa ya sake sauka.

Kakata ce ke riƙe da wannan aiki. A ƙuryar ɗakinta akwai tukwane a jere, an binne gindinsu cikin yashi mai sanyi. Tana soya man shanu da albasa da ɗan gishiri har ruwansa ya ƙone, ta tace, ta zuba, ta rufe da faifai. Dokarta ɗaya ce: tsohon mai ake fara ci, sabo yana can baya yana jiran layinsa, ba a kuma zuba sabo a kan tsoho. Na zauna a Sudan, na ga yadda suke ajiye nasu man shanun, samin. A Maroko har na ci wanda ya shekara da shekaru, suna alfahari da warinsa. Ban ga wanda ya kai Kaka tsoron mai ya lalace ba.

Idan na raɓi tukwanen sai ta ce, "Kai, mijin banza! Ba ka cefane, sai lasa. Tashi nan!"

Wata Bafulatana, ƙawar Kaka tun suna 'yan mata, ita ke kawo mana man. A shekarar da aikin dam ya kankama, ta zo ƙarshen damina da ƙore cike, ita da 'ya'yanta mata. Ta ce ruwa zai cinye makiyayarsu, za su tashi, ba ta san inda za su sauka ba. Wannan man ne na ƙarshe. Mahaifiyata kuwa tana da ciki, haihuwar za ta faɗo cikin bazara, lokacin da ko ɗigon man shanu ba a gani a kasuwa. A wurin Kaka, mai jego da ba ta sha romo da man shanu ba, ba ta tashi da ƙarfinta.

Tukwane suka cika, mai ya ragu da yawa, ɗanyen mai kuma ba ya jira. Sai Baba, wanda ke leburanci a wurin dam, ya dawo da wani babban gwangwani mai murfin murɗawa. Ya riga ya wanke shi da toka da sabulu, ya shanya.

Kaka ta jujjuya shi ta ce, "Mi aka zubawa ciki?"

Ya ce, "Mai na, Inna."

"To, madalla. Gidan mai, mai ka komawa."

Baba gaskiya ya faɗa, man inji yake nufi, yana ganin wanki ya raba su. Kaka kuma duk abin da aka kira mai, a wurinta na ci ne. Kananzir ta sani, da sunansa take kiransa. Ta ɗauka daga kicin ɗin baƙin da ke aikin ya fito. Daga baya da na koyi Faransanci da Larabci, na tarar kowanne ya raba sunan man shanu da na man inji. Mu kalma ɗaya muka ba su. Kaka ta shinshina gwangwanin, ta ji sabulu, ta juye man da zafinsa, ta murɗe murfin, ta kai shi can baya. Ta ce na jego ne, kada wanda ya taɓa.

Duk ranin nan a takure muka yi shi. Kaka takan tsoma kara cikin tukunya ta duba inda mai ya tsaya, ta kalli cikin mahaifiyata, ta rage ludayi. Har kakiden layya ta fito da shi muka ci, don tukwane su kai mu. Gwangwanin bai taɓa buɗuwa ba, tunda layinsa bai zo ba.

Washegarin haihuwa, da hantsi, Kaka ta murɗe murfin. Ina tsaye na ga ta ja baya. Ta lakato da yatsa ta ɗanɗana, ta tofar. Warin inji ya cika ɗakin.

Ta kira Baba ta ce, "Wane irin mai na kac ce mini?"

Ya ce, "Na injin, Inna. Na wanke shi."

"Inji na cin mai?"

Baba ya ari keke ya tafi Wurno, ranar kasuwa ya zarce Rabah. Man shanu babu. Ya dawo da man gyaɗa a kwalba, da shi aka yi jegon. Mahaifiyata ta daɗe ba ta murmure ba, nononta ya yi ƙaranci, aka riƙa haɗa wa ƙanwata da kunu. Ko rashin man ne, ko zafin bazarar, ban sani ba. Kaka dai ta tafi kabarinta tana cewa man ne.

Mahaifiyata da ƙanwata duk sun rayu. Amma Bafulatanar ba ta dawo ba, Kaka kuma ba ta sake soya man shekara ba. Daga wannan bazarar, gidanmu ya koma sayen mai kwalba-kwalba, ba a sake ajiye shi ba har yau.