Bature Ya Sha Gahawar Abu Nayif

Kun taɓa ganin mutumin da kofin gahawa ɗaya ya raba shi da gonarsa? To ga Abu Nayif nan a ƙauyenmu, bayan garin Mafrak. Dattijo ne mai gonar zaitun, tun yana yaro ba abin da ya sani sai ita, ubansa na dasawa shi yana bi da ruwa a jarka, da ita ya yi aure da ita ya aurar, ko ciwon kunne aka yi a gidansa man zaitun zai ce a ɗiga.

Shekaran bara sai ga wani Bature, Mista Ruben, da tafintansa, wai zai kafa masana'antar tumatirin gwangwani, kuma gonar Abu Nayif yake so don tana bakin titi. Abu Nayif ya tara maza a ɗakin baƙi, aka zuba gahawa, tafinta ya raɗa wa Bature ya ajiye kofin tukuna, don a al'adarmu mai neman abu ba ya sha sai an amsa masa, in kuma an amsa ba a janyewa. Bature ya ce samarin ƙauye duk za su samu aiki. Abu Nayif ya kalli ɗansa Nayif, wanda ya gama karatu yana zaman kashe wando, sai ya ce, "Sha gahawarka, abin da ka zo nema ka samu." Bature ya ɗaga ya shanye yana dariya.

A wajen Abu Nayif magana ta ƙare. Bai jira komai ba ya kawo katafila ta tumɓuke zaitun kaf, don baƙo ya tarar da fili.

Matarsa ta ce, "Abu Nayif, ka bari mu ga ko bulo ɗaya mana."

Ya ce, "Ummu Nayif, mutum ya sha gahawata gaban maza, me kuma ya rage?"

Shi kuwa Bature yana can Amman, babban birni, yana hawa bene yana sauka neman izini. Wannan ofis ya ce je wancan, masu ruwa suka ce ba a haƙa rijiya a yankin, kuɗin wuta ya ji sai da ya riƙe kai, kafin a sa masa hannu an canza doka, an canza mai sa hannun ma. Ya gaji. An ce wata ƙasa ya tafi ya kafa abinsa. Lambar tafinta ta daina shiga.

Yanzu kullum da safe Abu Nayif zai ɗauki kujera ya zauna bakin filin yana kallon titi. Maƙwabcinsa Mufaddi in zai wuce da tumaki sai ya ce, "Mai masana'anta, a ɗauke ni gadi mana, iska na satar maka ƙasa."

Nayif ya same shi ya ce, "Baba, ruwa ya kusa sauka, mu sake dasawa, ko alkama ce mu watsa. In ba haka ba zan bi abokaina Kuwait, ba zan iya zaman nan ba."

"A gonar wa, ɗana? Na bayar. Sai Baturen ya ce da bakinsa ya fasa."

"Baba, shi fa gahawar nan abin sha kawai ya ɗauke ta."

"Shi ya ɗauka. Ni na san abin da na zuba."

Liman ya je, dattawa sun je, tsohon ya ce ai a gabanku aka yi. Ba wanda ya iya cewa ƙarya ne. Nayif ya karɓo fasfonsa, uwarsa tana ninke masa kaya tana warwarewa, tsohon kuma bai ce tafi ba bai ce zauna ba, kuma Nayif kaɗai ne ɗansa namiji.

Don Allah duk wanda ya karanta ya tura gaba, ku yi ta turawa, ko Allah zai sa ya kai ga wanda ya san Mista Ruben. Ba a ce ya dawo ba, ba a neman komai nasa. Ya buga waya kawai ya ce wa tsohon nan ya fasa, kafin ruwa ya wuce, kafin Nayif ya hau mota.