Sanobar Tursunova, Wadda Gawarta Ta Jira Yayanta Kwana Uku

Haihuwa da karatu

An haifi Sanobar ranar 9 ga Maris, 1951, a garin Uzgen da ke ƙasar Kirgizawa, a gidan Tursunboy manomin jar shinkafa da matarsa Hosiyat, dukansu Uzbekawa. Ita ce ta tsakiya, tsakanin yayanta Abduwali da ƙanenta Ne'mat. A shekarar 1972 ta kammala karatun ungozoma a birnin Osh, inda ta yi aiki shekara talatin da huɗu, tana karɓar haihuwar Uzbekawa da Kirgizawa, waɗanda ta sha cewa kukansu na farko iri ɗaya ne.

Aure

A 1974 ta auri Toktosun, likitan dabbobi, Bakirgize ɗan'uwanmu. A al'adarmu ba a binne matar aure sai dangin ubanta sun halarta, matansu sun yi mata wanka, namijinsu ya fara zuba ƙasa. Ranar biki mahaifiyar ango ta tuna wa Abduwali wannan haƙƙi: "Ɗana, namanta namu ne, ƙashinta naku. Ranar da ta cika, ba ma sa ta a rami sai kun zo." Ya yi dariya ya ce, "To Inna, ku dai ajiye mana shayi da zafinsa, don na san ku da rowar wuta." Kowa ya dara, domin a lokacin maganar ba ta da nauyi.

Shekarun fitina

A watan Yuni na 1990 rikici ya ɓarke tsakanin al'ummomin biyu, aka kashe Ne'mat a bakin gonar ubansa. Da Sanobar ta je ta'aziyya, Abduwali ya tare ta a ƙofa ya ce, "Koma wurin mutanenki." Ta koma. Shekara guda bayan haka ta haifi autanta, ta sa masa suna Ne'mat; dangin miji suka yi ta gunaguni, nata dangin kuwa ko barka ba su aiko ba.

A Yunin 2010 wutar ta sake tashi, wannan karon a Osh, ana ƙone gidajen Uzbekawa ana tsallake waɗanda aka yi wa alama. Sanobar ta ɗauki fenti ta rubuta "Kirgiz" a ƙofar gidanta, alhali akwai Uzbekawa goma sha ɗaya ɓoye a ɗakin ajiyarta na ƙarƙashin ƙasa, cikinsu har da Dilfuza, 'yar Abduwali, wadda ke karatu a birnin. Kwana huɗu suka yi, duka suka tsira. Da Dilfuza ta koma gida ta ba da labari, abin da ubanta ya tambaya kawai shi ne, "Da hannunta ta rubuta?" Ta ce, "Da hannunta, Baba, ni kuma ina bayan ƙofar." Bai aika godiya ba.

Ƙarshen rayuwa

Bayan rasuwar Toktosun a 2013, fargaba ta hana ta sakat. Ba mutuwa take tsoro ba. Tsoronta kada a ajiye gawarta a yi ta jira, babu wanda ya zo, a ƙarshe a binne ta kamar wadda ba ta da asali. Duk wanda ya kawo shinkafa daga Uzgen sai ta tsare shi da tambaya: "Yayana yana nan? Ƙafafunsa suna ɗaukarsa?" Mu da muke maƙwabtaka da ita mun gaji da tambayar. Wasiyya ɗaya ta bar wa 'ya'yanta, cewa kada a bar butar shayi ta huce.

Rasuwa da jana'iza

Allah Ya yi mata rasuwa ranar Litinin, 14 ga Oktoba, 2019, tana da shekara sittin da takwas. Aka kafa tantin makoki a tsakar gida, aka aika Uzgen. Litinin ta wuce, Talata ta wuce, liman yana cewa jinkirin ya isa, dattawa suna cewa ba a taɓa yi ba, 'yarta Gulzat kuma tana ta ƙara wa butar shayi gawayi idonta na kan titi. Ranar Laraba aka yanke cewa da azahar za a kai ta ko da kowa ko babu.

Ana saura kaɗan a kira salla Dilfuza ta shigo riƙe da hannun mahaifinta. Gulzat ta miƙa masa shayi. Ya kurɓa, sannan ya ce, "Da zafinsa." Dilfuza ta yi wa gwaggonta wanka. A maƙabarta Abduwali ya kwance ɗamararsa, ya zazzage ƙasar da ya ɗebo daga kabarin ƙanensu, ita ce ta fara sauka a kanta.

Ta bar 'ya'ya uku: Mirbek, injiniya a birnin Bishkek, Gulzat, ungozoma kamar mahaifiyarta, da Ne'mat, mai shekara ashirin da takwas, wanda kawunsa ya kira da sunansa karo na farko a bakin wannan kabari.