Akwatin Bindigar Nura

Ɗan sandan da ya tare mu a shingen bincike na buɗe but ɗin motarmu ya ja da baya, hannunsa a ƙugu. Lokacin kullen korona ne, muna ƙaura zuwa unguwar Bukit Jalil a ƙasar Malesiya.

Dogon akwatin bindiga ya gani, da kwaɗo biyu. Abokin zamana Nura ya saye shi a intanet don ya riƙa ɓoye mana kilishinsa.

Na ce, "Nura, kawo makulli."

"Mutumina, na baro shi a tsohon ɗaki."

"A ƙasar da ake rataye mutum kan bindiga? Saboda nama?"

Muna durƙushe a rana har 'yan sanda suka fasa kwaɗon. Kilishin ma ya yi fumfuna.

Marowaci ba ya shiga uku shi kaɗai. Ku masu zama da irinsu, yaya kuke yi?