Akuyar Ciwo

Sau ɗaya a shekara kuɗi suke shigowa gidanmu. Mijina yana da fadamar rake a bayan ƙauyenmu a ƙasar Makarfi. Da rani, in aka matse raken aka dafa mazarƙwaila, fatake su zo da lori su kwashe, sai a ɗora masa kuɗin shekara gaba ɗaya a hannu. Shekarun farko ne na mulkin kai, ana ta cewa arziki ya zo. Mu dai a gidanmu tsoro ne yake shigowa tare da kuɗin.

Mijina ba marowaci ba ne, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Matsoraci ne. Yana yaro ya ga an shanya mahaifinsa a rana saboda haraji, kuma abin bai taɓa barinsa ba. Haraji da kaka ake karɓa, kafin rake ya nuna, don haka kuɗin bana ne za su jira harajin baɗi. Sai ya zuba su a jakar fata ya ɗaura a ƙugu, da ita yake noma, da ita yake kwana. Haraji na ciki, ladan 'yan ƙodago na ciki, kayan sallah da na gishiri duk a cure wuri ɗaya. In na ce ya ba ni na kanwa, sai ya ji kamar harajin nake gutsura. Ban san nawa ne a jakar ba, kuma ba na jin shi ma ya sani, don ba ya son buɗewa kada ya ga sun ragu. A hankali ni ma na kamu. Ina tuƙa tuwo gabana na faɗuwa, ban san dalili ba.

Wata bazara ƙyanda ta shigo gari, ta kama 'yarmu ta fari, wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Ƙurajen suka lafa, tari ya sauka a ƙirjinta. Wata maƙwabciya ta ce nata yaron allura aka yi masa a asibitin Zariya ya tashi.

Na ce, "Malam, a kai yarinyar nan Zariya."

Ya dafa ƙugunsa ya ce, "Ki bari mu ga gobe. Asibiti ba a san inda kuɗinsa yake tsayawa ba. In jakar nan ta ƙare, me zan ce wa dagaci?"

Gobe ta yi, ya ce jibi. Ban matsa ba, don ni ma a kaina Zariya wani rami ne mai haɗiye kuɗi. Ranar da ya yarda, ya tafi bakin hanya ya tare mota. Kafin ya dawo yarinyar ta cika a cinyata.

Goggona, ƙanwar mahaifina, ta zo gaisuwa daga Malikanchi. Mace ce da ba ta iya lallashi ba. Bayan sadakar bakwai ta kira ni bayan rumbu ta ce, "Kwana ne ya ƙare, wannan na Allah ne. Amma ke da mijinki duk sakarkaru ne. Kun tara komai wuri ɗaya, shi ya sa ba ku da na komai. Ni awakina kowace da aikinta. Akwai ta sallah, akwai ta biki, akwai ta ciwo. In ciwo ya zo ba na tunani, igiya nake kwancewa."

Na ji haushinta ƙwarai, har na ƙi raka ta ƙofa. Amma da ta koma sai ta aiko mini da 'yar burguma, wato budurwar akuya, da tiyar gyaɗa, tare da saƙon in soya ƙuli-ƙuli, kuma in na kuskura na ci uwar kuɗin kada in ƙara kiranta goggo.

Haka na fara. Na samu gwangwani biyu, ɗaya na uwa, ɗaya na riba. Na uwa gyaɗa kaɗai yake saye, ko da miya za ta kwana ba daddawa. Na riba shi nake rabawa, rabi cefane, rabi dusa. Sau biyu na karye, na sake tashi. Burgumar ta girma ta haifi biyu, na ware ja a ciki na ce ke ce ta ciwo. Abin mamaki, tun daga ranar barci ya dawo mini. In na fito da safe na gan ta tana tuƙa a turke, sai in ji ƙirjina ya sauka. Mijina ya riƙa yi mini ba'a, wai na samu hakima a gida, ta fi shi samun kulawa. Na ce ai ita ba ta ce mini gobe.

Da ɗanmu namiji ya kai shekarun da yayarsa ta kai, ƙyanda ta sake zagayowa. Na ji irin tarin nan, na gane shi tun daga na farko. Mijina yana fadama. Na aika aka kira yayana, na kwance jar akuyar na miƙa masa igiya, ya kai ta kasuwa ya dawo da kuɗi kafin azahar. Mijina ya shigo ya same ni da goyo da mayafi. Na ce, "Malam, Zariya za mu, ban taɓa naka ba." Ya bi mu har bakin mota.

Aka yi wa yaron allurai, muka yi 'yan kwanaki a gidan wata 'yar garinmu, tarin ya sake shi. Da muka dawo, mijina ya karɓe shi ya daɗe yana dubansa. Can ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, nawa aka kashe. Na lissafa masa kuɗin mota zuwa da dawowa, da abinci, da ɗan abin da aka saya. Duka bai kai rabin kuɗin akuyar ba, ragowar na nan a bakin zanena.

Ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan."

Ya miƙo mini yaron, ya zauna a dokin ƙofa ya juya mana baya. Har aka kira la'asar bai tashi ba. Na ƙyale shi, don lissafin da yake yi a kan 'yarmu ta fari ni na riga na yi shi a cikin mota, tun daga Zariya har gida.