Bukar Tela da Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Bana shekara bakwai ke nan da muka kai yayana Bukar makwancinsa. Ni ba mai ilimi ba ne, ajin yaƙi da jahilci kaɗai na zauna, don haka ba zan yi kwana-kwana ba.

Bukar tela ne a Fagge. Yawancin ɗinkinsa kayan makaranta ne na 'ya'yan mutanen Sabon Gari. Abokinsa Emeka kafinta shi yake kawo masa su, yara biyar nasa, kowanne da allonsa a hammata. Bukar ya kan auna su yana murmushi, in sun tafi ya leƙa waje ya ga namu yaran suna rububin dako a bakin tasha, sai ya koma kan ɗinkinsa.

Allah bai ba shi haihuwa ba, sai ya ɗora ransa a kan ɗana Modu. Ya ɗinka masa riga da wando na kaki, ya bar kalmasa mai yawa saboda girma, ya kama hannunsa zuwa elementare.

Wanda bai sani ba, ga yadda ake ɗaukar yara: yaro ya ɗora hannu bisa ka ya kamo kunnen ɗaya ɓarin. In ya kamo ya isa shiga, in bai kamo ba sai baɗi. Modu kuwa a shekarar yunwa aka yaye shi, ɗan tsurut ne. Ya miƙa, ya miƙa, har da ɗage, yatsa bai kai ba. 'Ya'yan masu hali da ya girme su suna kamowa har da saura.

Bukar ya buɗe bakin yaron ya ce, "Malam, dubi nan, ya gama famfara tuni. Ko akuya a kasuwa haƙori ake dubawa. Wannan awon naka ba shekaru yake aunawa ba, tuwo yake aunawa."

Hedimasta ya ce, "Ka yi haƙuri, Malam Bukar, haka aka ce mu yi."

Sau biyu ana haka. Bukar bai bar zauren mai unguwa ya huta ba, a ƙofar masallaci ma maganarsa ke nan, har mutane suka sa masa suna Bukar Kunne. Bai damu ba. Ya kan ce mai nema yana tare da samu.

Da ya rasu na kai Modu da kaina. Ya ɗora hannu, ya kamo kunne sarai. Aka dube shi aka ce ya yi girma. Yau yana tura amalanke a Sabon Gari, yaro mai kaifin kai kamar aska.

Da Bukar zai tashi ya ga yau, zai ga an ƙara azuzuwa, zai ji ana ta zancen mulkin kai. Amma na san abin da zai tambaya: ɗan wa ke kan bencin? Tuwon girma dai miyarsa nama, ɗan talaka har yanzu a bakin ƙofa yake miƙa hannu.

Bukar bai bar gida ba, keken ɗinkinsa ma an sayar. Kakin nan ne ya rage, da taurin kansa. Bana zan sa wa ƙanin Modu shi. In hannunsa bai kai ba, zan buɗe bakinsa a gaban kowa, kuma ba zan tashi daga wurin ba.

Allah ya jiƙan Bukar.