Guzurin Inna daga Ajingi

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da yayana, kwamfutata a cinya na rungume ta. Na samu gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje, amma Baba ya ce sai Inna ta yarda, wato kakata da ta raine ni a Ajingi. Sau biyu ina kiranta a waya, da na ɗauko zancen sai ta ce ba ta ji sosai.

Hanya ba laifi har Wudil, daga nan ramuka suka fara gaishe mu. A tashar Gaya muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa kuwa ya girma, sai dai yajin mai ƙosan ya biya mu. Daga Gaya zuwa Ajingi duk inda ka duba dawa ce ta sunkuyar da kai, ga gyaɗa an tuge an jera a gonaki.

Dabarar da na zo da ita wani fim ne na gaskiya a kan matan Falasɗinu, uwa da 'ya'yanta da zama ya gagare su wuri ɗaya. Na yi tunanin wataƙila idan Inna ta ga 'ya tana barin gida ba tare da zumunci ya yanke ba, za ta sassauto. Ban tabbata ba, amma ba ni da wata hujjar.

Bayan azahar matan gidan suka cika ɗakin Inna, aka rataya zani a taga, na kunna fim ɗin a kwamfuta, ina fassara musu. Sai a lokacin na tuna akwai inda wata ke ba da labarin rasuwar mahaifiyarta, ita tana wata ƙasa, an hana ta shigowa. Na so in tsallake, Inna ta ce, "Bar shi, ai ba yara ba ne mu." Na ce a raina shi ke nan, na kashe tafiyata da hannuna.

Can aka nuno wata uwa tana haɗa wa 'yarta jaka: kwalbar mai ɗaya da ƙullin busasshen ganye. Inna ta matso da fuskarta.

"Ke 'yar boko, wannan ne guzurin duka?"

Na ce, "Inna, a kan iyaka ba a barinsu su wuce da kaya da yawa."

"Allah sarki. Ke ma za a hana ki?"

Na ce ina jin ba za a hana ba.

Inna ta miƙe ta leƙa tsakar gida, ta ce a ɗebo gyaɗa a ɗora kasko, a kuma sauko da kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya. Matar kawuna ta zungure ni: "To me kike jira? Tashi ki yi godiya."

Washegari muka dawo Kano da buhun da sai da yayana da direba suka kama. Na je Ajingi da jawabin roƙo a rubuce, ban karanta ko layi ɗaya ba. Inna ba ta ce "je ki" da baki ba, ƙuli-ƙuli ta soya. Abin da ya rage mini yanzu shi ne yadda zan shawo kan ma'aikatan jirgi game da daddawa.